Hamilton Ko Verstappen? Tambayoyi Da Amsoshi Kan Musun Da Ya Ƙi Ƙarewa

A Garwa ƙwallo ce sarauniya, wannan ba abin musu ba ne, duk wanda ya taɓa ganin filin Roumdé Adjia ranar da Coton Sport ke wasa ya sani. Amma akwai wasu 'yan tsiraru, makanikai da direbobi da samarin makaranta, waɗanda ranar Lahadi bayan azahar suke neman a juya musu talabijin zuwa tseren motoci na Formula 1. Su ne suka yi ta jefo tambayoyi, wasu daga Marwa, wasu daga Ngaundare, wasu daga tsallaken Kusiri can Njamena, kuma kusan duka a kan abu ɗaya suke komawa: kakar 2021, da yadda ta ƙare. Ga amsoshin a wuri guda.

Ni sabon shiga ne. Me ake ta faɗa a kai?

Direbobi biyu ne. Lewis Hamilton ɗan Ingila, mai tuƙa wa Mercedes a lokacin, yana da kambun duniya 7 a hannu, yana neman na 8 wanda babu wanda ya taɓa samu. Max Verstappen ɗan Holan, mai tuƙa wa Red Bull, shekarunsa 24, bai taɓa ci ba. Suka yi tsere 21 ana kare jini biri jini, suka iso na ƙarshe a Abu Dabi ranar 12 ga Disamba 2021 makinsu daidai wa daida, kowa 369.5. Rabon da a ga haka tun 1974. Verstappen ya wuce Hamilton a zagayen ƙarshe na tseren ƙarshe, ya ɗauke kambun. Yadda aka kai ga wannan zagayen shi ne abin da har yau ake ɗaga jijiyar wuya a kansa.

Yaya ake lissafin maki, kuma daga ina rabin maki ya fito?

Na ɗaya yana samun 25, na biyu 18, na uku 15, sai 12, 10, 8, 6, 4, 2, na goma ya tashi da 1. A wancan lokacin akwai ƙarin maki ɗaya ga wanda ya yi zagaye mafi sauri, an soke shi daga 2025. Rabin makin kuwa daga Beljiyam ya fito. Ruwan sama ya hana tsere a filin Spa, motoci suka ɗan zagaya a bayan motar jagora mai rage wa kowa gudu, aka tashi, aka raba wa kowa rabin abin da ya kamata. Verstappen ya samu 12.5 ba tare da ya yi gumi ba, Hamilton 7.5.

A ba mu labarin Abu Dabi dalla-dalla.

Zagaye 58 ne tseren. Verstappen ne a gurbin gaba, amma da fitilun fara tsere suka mutu Hamilton ya riga shi tashi. Tun a zagayen farko suka kusa gogar juna, Hamilton ya fita gefen titi ya yanke kwana ya dawo a gaba, alƙalai suka ce babu laifi. Magoya bayan Verstappen ba su manta da wannan ba, kuma suna da hujja.

Daga nan Hamilton ya yi ta ba da rata. Abokin tuƙin Verstappen, wato ɗaya direban Red Bull, Sergio Pérez ɗan Meziko, ya tare masa hanya na ɗan lokaci, ya cinye masa daƙiƙu masu yawa, amma da ya wuce shi sai ratar ta dawo. Ana saura zagaye biyar ko shida, Hamilton yana gaba da fiye da daƙiƙa 10. A wannan tseren, daƙiƙa 10 tafiya ce mai nisa. Kowa ya riga ya sallama.

Sai a zagaye na 53 Nicholas Latifi na Williams, wanda ke can baya ba ruwansa da kambu, ya daki katanga. Dole aka fito da motar jagora, wato motar da ke shiga gaba ta rage wa kowa gudu har a kwashe tarkace. Da ta fito, duk ratar da Hamilton ya tara ta narke, motoci suka jeru. Red Bull suka kira Verstappen ya shigo, aka sa masa sababbin tayoyi masu laushi. Hamilton ya zauna a kan titi da tsofaffin tayoyi masu tauri waɗanda aka sa masa tun zagaye na 14.

Tsakaninsu akwai motoci biyar da aka riga aka zagaye, wato na gaba sun ba su ratar zagaye guda, na Norris da Alonso da Ocon da Leclerc da Vettel. Shugaban tseren, Michael Masi, ya fara cewa ba za a bar su su wuce motar jagora su fita daga tsakani ba. Can kuma sai ya canza magana, ya ce waɗannan biyar ɗin kaɗai su wuce, sauran da aka zagaye su tsaya inda suke, sannan ya janye motar jagora a wannan zagayen. Sai ga Verstappen a gindin Hamilton da sabuwar taya, saura zagaye ɗaya. A kwana ta biyar ya shiga ta ciki ya wuce. An tashi yana da 395.5, Hamilton 387.5.

To ina laifin? Ai tsere aka zo yi, kuma tsere aka yi.

Laifin a wuri biyu yake. Dokar ta tanadi cewa idan za a bar motocin da aka zagaye su wuce, motar jagora sai ta ƙara zagaye ɗaya bayan ta ƙarshensu ta wuce kafin ta janye. Da an bi wannan, da tseren ya ƙare a bayan motar jagora, Hamilton ya ci. Na biyu, an zaɓi wasu aka bar wasu. Carlos Sainz da ke na uku ya zauna da motoci biyu da aka zagaye a gabansa, na Ricciardo da Stroll, ba a share masa hanya ba kamar yadda aka share wa Verstappen. Alƙalin da ya share wa mutum ɗaya hanya ya bar na bayansa, ko da zuciyarsa fara ce, ya taɓa sakamako.

Red Bull sun kafa hujja da wani sashe da ya ba shugaban tsere iko a kan motar jagora, alƙalan ranar kuma suka karɓa, suka yi watsi da ƙorafin Mercedes. Sannan gaskiya ne ƙungiyoyin sun daɗe suna cewa ba su son tsere ya ƙare motoci na tafiyar hawainiya. Amma akwai hanyar da doka ta yarda da ita: a ɗaga jar tuta a tsayar da kowa, kowa ya canza taya, a sake tashi. An yi hakan a Baku ta Azarbaijan a 2021 ɗin, aka yi zagaye biyu na ƙarshe kowa da sabuwar taya. Da haka aka yi a Abu Dabi, duk wanda ya ci, bakin kowa zai mutu.

Me ya hana Mercedes su ma su canza wa Hamilton taya? Ba sakacinsu ba ne?

Wannan tambayar makanikai suka fi yi, kuma tambaya ce mai kyau. Canjin tayar kansa ba ya wuce daƙiƙa biyu zuwa uku, mutum kusan 20 ne ke rufar wa motar, uku a kowace taya. Amma shiga da fita yana cin daƙiƙa 20 ko fiye. Da Hamilton ya shigo, Verstappen zai zauna a waje ya karɓi gaba. Idan kuma tseren ya ƙare a bayan motar jagora, kamar yadda lissafin doka ya nuna zai iya faruwa, to Mercedes sun miƙa kambu da hannunsu. Na gaba shi ne mai abin asara. Na baya kuwa duk abin da na gaba ya yi, sai ya yi kishiyarsa. Mercedes sun yi lissafi da dokar da ke rubuce, aka yi aiki da wata.

Kenan maguɗi aka yi?

A'a, ban yarda da wannan kalmar ba, ko da yake na san ita ce ke yawo a majalisa. Maguɗi yana nufin an shirya tun farko. Wa ya san Latifi zai daki katanga a zagaye na 53? Abin da FIA, hukumar da ke kula da tseren motoci na duniya, ta faɗa a rahotonta na Maris 2022 shi ne kuskuren ɗan'adam ne, kuma Masi ya yi abin da ya yi da kyakkyawar niyya. Amma dubi abin da ta aikata, ya fi abin da ta faɗa ƙarfi. Tun a Fabrairu ta cire Masi daga kujerar. Ta gyara lafazin dokar ya zama dukkan motocin da aka zagaye ne za su wuce. Ta hana shugabannin ƙungiyoyi yi wa shugaban tsere magana kai tsaye ta rediyo, don a ranar Toto Wolff na Mercedes da mutanen Red Bull duka sun yi ta cika masa kunne yana tsakiyar aiki. Ruwa ba ya tsami banza.

Verstappen kuma ba shi da laifi ko na ƙwayar zarra a wannan ranar. An buɗe masa ƙofa, ya shiga. Latifi ma haka, amma sai da wasu marasa tunani suka yi ta aika masa barazanar kisa a intanet.

Bar batun ranar ƙarshe. A kakar gaba ɗaya wa ya fi?

A nan ne magoya bayan Hamilton, waɗanda su ne mafi yawa a cikinmu, ba su son a tsaya. Verstappen ya ci tsere 10, Hamilton 8. Verstappen ya tashi daga gurbin gaba sau 10, Hamilton sau 5. Yawan zagayen da Verstappen ya yi yana jan gaba ya ninka na Hamilton. Ya hau dandamalin karrama ukun farko sau 18, kuma duk cikinsu ko na ɗaya ne ko na biyu.

Sannan a dubi inda ya yi asarar maki. A Baku yana gaba, saura kaɗan a tashi, tayar baya ta fashe masa a kan miƙaƙƙen titi yana gudun da ya kai kilomita 300 a awa. A Hangare abokin tuƙin Hamilton, Valtteri Bottas, ya makara wajen taka birki ya haddasa karo, motar Verstappen ta lalace, da ƙyar ya ƙare na tara. A Silverstone ta Ingila ya tashi ba ko maki ɗaya a babban tseren. Hamilton kuwa sa'a ta taɓa shi a Imola ta Italiya: ya zame cikin tsakuwa har an zagaye shi, sai wani hatsari ya sa aka ɗaga jar tuta, ya dawo ya ƙare na biyu. A Baku kuma, bayan Verstappen ya fita, Hamilton da kansa ya taɓa wani maɓalli bisa kuskure, birkinsa ya ƙi, ya zarce a kwanar farko ya zubar da maki 18 ko 25.

Amma ƙarshen kakar na Hamilton ne, kuma abin da ya yi a Birazil ya isa a ba jikoki labari. An soke masa sakamakon gwajin tantance gurbin tashi saboda fiffiken bayan motarsa ya saɓa ma'auni, ya tashi daga na 20 a gajeren tseren Asabar ya ƙare na 5. Aka sake mayar da shi baya gurbi biyar saboda canjin inji, ya tashi na 10 ranar Lahadi, ya ci. Ya ci Katar, ya ci Jidda, ya zo Abu Dabi yana kan hanyar cin na huɗu a jere.

Ra'ayina ke nan, kuma na san ba zai yi wa kowane ɓangare daɗi ba: Verstappen ya cancanci kakar, Hamilton ya cancanci tseren ƙarshe. Tun da kuma makinsu ɗaya, wanda ya ci tseren ƙarshe shi ne zakara. Duka biyun gaskiya ne a lokaci guda, shi ya sa musun ya ƙi mutuwa.

Karon Silverstone laifin wa ne? Na Monza fa?

A Silverstone, ranar 18 ga Yuli, a zagayen farko, Hamilton ya kutsa ta ciki a kwanar Copse, wadda ake shiga kusan ba a ɗaga ƙafa daga totur. Tayarsa ta gaba ta taɓa ta bayan Verstappen, Verstappen ya tafi ya daki katangar tayoyi da ƙarfin da aka auna ya kai ninki 51 na nauyin jiki, aka kai shi asibiti a duba shi. Alƙalai suka ce Hamilton ne ya fi laifi, suka ci shi tarar daƙiƙa 10, duk da haka ya ci tseren. Abin da ya ƙona wa Red Bull rai ke nan: an hukunta mutum, amma ya tafi da maki 25, nasu yana gadon asibiti.

A Monza ta Italiya cikin Satumba abin ya juya. Verstappen ya matsa a wata ƙaramar kwana inda babu wurin mota biyu, motarsa ta hau kan ta Hamilton, tayar baya ta sauka daidai kansa. Ƙarfen kariyar da aka kewaye mazaunin direba da shi tun 2018, wanda da farko mutane suka yi ta kushe wa wai ya ɓata kyan mota, shi ya tsare wuyan Hamilton. Nan kuma alƙalai suka ce Verstappen ne ya fi laifi. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A Jidda kuwa tuƙin Verstappen ya wuce gona da iri, tara biyu ya sha a tsere ɗaya, kuma ban ga mai kare shi da gaske a kan wannan ba.

Wani direban babbar mota ya ce duk surutu ne, mota ce ke cin tsere. Gaskiya ne?

Alhaji yana da rabin gaskiya, har ma fiye da rabi. Babu direban da zai ci kambu da motar da ke baya. Mercedes sun ci kambun kamfanoni sau 8 a jere daga 2014 zuwa 2021, saboda sun riga kowa gane sabon injin nan mai lita 1.6 da ke haɗa fetur da lantarki. A 2023 Red Bull sun ci 21 cikin tsere 22. Da aka canza dokar ƙirar motoci a 2022, Hamilton ɗin nan dai bai ci ko tsere ɗaya ba har shekara biyu, sai a Silverstone a 2024.

Ma'aunin direba shi ne abokin tuƙinsa, don su biyu ne ke da mota iri ɗaya. A 2023 Verstappen ya ci 19, Pérez da wannan motar ya ci 2. A 2021 Bottas ya ci ɗaya tak, Hamilton 8. A 2016 kuma Nico Rosberg ya doke Hamilton da maki 5 a mota iri ɗaya, ya ajiye tuƙi bayan 'yan kwanaki. Abin da ya sa 2021 ta fita daban shi ne motocin biyu sun yi kusa da juna ƙwarai, wani fili ya fi dacewa da wannan, wani da waccan, sai hannun direba ya fito fili.

Ai zama kawai suke yi suna murza sitiyari. Ina wahalar?

Tsere ɗaya kilomita 305 ne ko ɗan sama, in ban da na Monako. Ya fi nisan Garwa zuwa Ngaundare, kuma a cikin awa ɗaya da rabi ake cinye shi. A wajen birki da manyan kwanoni jiki yana ɗaukar nauyin da ya ninka nasa sau huɗu ko biyar, wuya ne ke shan wahalar. Direba yana sanye da kaya masu hana wuta ninki-ninki, inji na bayansa, yana iya zubar da kilo biyu zuwa uku na gumi. A Katar a 2023 zafi ya sa Esteban Ocon ya yi amai a cikin hular kwanonsa yana tuƙi, Logan Sargeant kuma ya kasa ƙarasawa. Duk da haka yana lissafin taya, yana lallaɓa mai tun da an hana ƙara mai a tsakiyar tsere daga 2010, yana sauraron injiniya a kunne.

An ce Red Bull sun kashe kuɗi fiye da ƙa'ida a shekarar.

Haka ne. A 2021 aka fara ƙayyade kuɗin da ƙungiya za ta kashe, dala miliyan 145. A Oktoban 2022 FIA ta ce Red Bull sun ɗan haura, ta ci su tarar dala miliyan 7, ta rage musu kashi 10 cikin ɗari na lokacin gwada yadda ƙirar mota ke keta iska. Ba a taɓa makin Verstappen ba. Masu cewa hukuncin ya yi sauƙi ina tare da su, don tarar kuɗi ba ta yi wa mai kuɗi ciwo.

Za a iya dawo wa Hamilton da kambun wata rana?

Kada ka sa rai. Mercedes sun janye ɗaukaka ƙara kwana huɗu bayan tseren, aka miƙa kofi, FIA kuma ta ce sakamakon ya zauna. Felipe Massa ɗan Birazil, wanda Hamilton ya doke da maki ɗaya a 2008, ya kai ƙara kotu a Landan a 2024 kan wani hatsarin ganganci da aka shirya a tseren Singafo na waccan shekarar. Abin dariyar shi ne duk mai son a buɗe littafin 2021 don Hamilton, sai ya yarda a buɗe na 2008 a kansa.

An taɓa irin wannan rikicin a baya?

Sau da yawa, wasu ma sun fi muni. Ayrton Senna da Alain Prost sun yi karo a Suzuka ta Japan a 1989, suka sake a 1990, kuma duka biyun karon ne ya yanke kambu. Michael Schumacher ya yi karo da Damon Hill a tseren ƙarshe na 1994 ya ci da maki ɗaya. Ya sake gwadawa da Jacques Villeneuve a 1997, wannan karon aka share shi daga jadawalin shekarar baki ɗaya. Bambancin shi ne waɗancan direbobi ne suka yi abinsu. Na 2021 daga kujerar alƙali ya fito, shi ya sa ya fi ɗaci.

Me ya sa mutanenmu suka fi karkata ga Hamilton, kuma yaushe za a kawo tseren Afirka?

Ba ɓoyayyen abu ba ne. Shi ne baƙar fata na farko a wannan gasa, kakanninsa na wajen uba daga tsibirin Girenada suke, mahaifinsa ya haɗa ayyuka da yawa don ya biya masa kuɗin ƙananan motocin koyo. Bayan karon Silverstone an yi masa zagin launin fata a intanet har ƙungiyoyin suka fito suka yi tir. Mutum ya so nasa ba laifi ba ne, in dai son bai hana shi ganin Baku da Hangare ba. Hamilton ya koma Ferrari a 2025, har yanzu yana kan 7 tare da Schumacher, Verstappen kuma ya jera huɗu daga 2021 zuwa 2024.

Batun Afirka kuwa, an yi tsere a Kasabalanka ta Maroko a 1958, an daɗe ana yi a Afirka ta Kudu, na ƙarshe a filin Kyalami a 1993. Ɗan can, Jody Scheckter, ya ci kambu da Ferrari a 1979. Hamilton ya sha faɗa cewa bai dace a yi ta zagaya duniya ana tsallake nahiya guda ba. A Disamban 2024 Shugaba Paul Kagame ya bayyana cewa Ruwanda na nema, Afirka ta Kudu ma tana nema. Abin da ke tsayar da maganar kuɗi ne: gina fili mai matakin da FIA ke buƙata, da miliyoyin dalolin da ƙasa ke biya duk shekara kafin a sa ta a jadawali. Kafin nan dai, yawancin tseren Turai da na Abu Dabi ƙarfe biyu na rana suke farawa agogon Kamaru da Cadi, sai a roƙi mai gidan kallo tun da wuri, kafin 'yan ƙwallo su cika benci.